Amsa: Me ya sa jakadu ke taya Gowon murnar ranar haihuwa?

Malam, ka tambaya ko saƙonnin da jakadu da manyan 'yan siyasa suka aika wa Janar Yakubu Gowon lokacin da ya cika shekara 90, ranar 19 ga Oktoba, 2024, fadanci ne kawai. A ganina ba haka ba ne, ko da yake 'yan neman suna ba sa rasuwa a irin wannan rana.

Jakada ba ya rubuta irin wannan wasiƙa da sunan kansa. Gwamnatinsa ce ke magana, a kan takardar ofishin jakadanci, kuma ana auna kowace kalma kafin ya sa hannu. Duba abin da jakadun suke yawan ambata: yadda Gowon ya rufe yaƙin basasa a Janairun 1970 da cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, sai kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, a Legas a 1975 tare da Shugaba Eyadema na Togo, da shirin yi wa ƙasa hidima na 1973. Juyin mulkin da ya kifar da shi yana taron ƙasashen Afirka a Kampala kuwa, da wuya ka ga an taɓo shi.