Tambaya da Amsa: Ziyarce-ziyarcen ganin dama a rangadin Rasha da arewacin Turai

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Runjin Sambo, Sakkwato. Ni da uwargidana muna shirin bin wani kamfanin yawon buɗe ido zuwa Mosko da St. Petersburg, daga nan mu wuce Helsinki da Stockholm da Oslo da Kopenhagen. Bayan kuɗin tafiyar, sun aiko da jerin wasu ziyarce-ziyarce da suka ce na ganin dama ne, kowace da kuɗinta daban, kuma da na haɗa lissafi sai na ga abin ya yi nauyi. Wace ziyara ce ta cancanci a biya, wace za mu bari? Idan ba mu bi ba, zaman otal za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah Ya kai ku lafiya. Wanda ya taɓa zuwa Umara ya san irin wannan tsari: kuɗin kujera kan ƙunshi jirgi da masauki da ziyarar Ƙuba da Uhudu, amma mai son zuwa Badar ko Ɗa'ifa yakan biya mota daban. Kamfanonin rangadi suna cire wasu wurare ne domin farashin da suke tallatawa ya yi sauƙin ji, kuma sau da yawa abin da aka cire shi ne abin da ya fi cancantar gani. Shawarata ita ce ka saki hannu a Rasha, ka riƙe aljihunka a sauran ƙasashen.

Dalili shi ne, manyan wuraren St. Petersburg guda biyu suna wajen gari. Fadar Peterhof, wadda Sarki Peter Babba ya kafa a gefen teku, tana da nisan kusan kilomita 30, kuma abin mamakinta shi ne ruwan da ke tsartuwa sama a lambunanta ba inji ke tura shi ba, gangarowa yake yi daga tudu da ƙarfin kansa. Sai dai ana rufe ruwan daga watan Oktoba har kusan ƙarshen watan Afrilu, don haka idan tafiyarku ta faɗo a lokacin sanyi, rabin daɗin ziyarar ya tafi. Ta biyu ita ce Fadar Catherine da ke garin Pushkin, inda akwai ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da daskararren ƙaron itace mai ruwan zuma. Sojojin Jamus sun kwashe na asali a 1941, wanda ake gani yanzu kuwa sake ƙera shi aka yi, aka kammala a 2003. A watannin da baƙi ke tururuwa layin shiga yana da tsawo, ayari kuma yana zuwa ne da lokacin da aka riga aka keɓe masa. Ga wanda ba ya jin Rashanci, ba ya kuma iya karanta haruffansu, wannan kuɗi bai tafi a banza ba.

Gidan tarihi na Hermitage, mai ɗauke da kayayyaki kusan miliyan uku, yana tsakiyar gari, amma girmansa ya sa ja-gora ke da amfani. Ka lura cewa ba a buɗe shi ran Litinin, kamar yadda ba a buɗe gidajen tarihin Kremlin na Mosko ran Alhamis. Ziyarar tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Mosko kuwa, wanda ya fara aiki a 1935, tikitin shiga jirgi ya isar muku.

Da kun isa arewacin Turai lissafi ya canza, domin kusan kowa yana jin Turanci kuma motocin gari suna kaiwa ko'ina. A Helsinki, jirgin ruwan da ke zuwa ganuwar Suomenlinna daga kasuwar bakin ruwa yana ɗaukar kamar minti 15, kuma da tikitin sufurin gari ake shigarsa. A Stockholm kada ku bari gidan tarihin Vasa ya wuce ku, inda aka ajiye jirgin yaƙin da ya nutse a tafiyarsa ta farko a 1628, aka tsamo shi a 1961, amma kuna iya zuwa da kanku. Lambun Vigeland na Oslo kyauta ake shigarsa, sai dai gumakansa fiye da 200 galibinsu tsirara suke, abin da ya kyautu ka sani tunda da iyali za ka je. Haka nan liyafar dare ta gargajiya da ake sakawa a irin wannan jeri takan zo da giya, wani lokaci da naman alade, kuma kuɗin giyar yana cikin abin da ka biya ko ba ka sha ba.

Maganar zaman otal kuwa, babu wanda zai tsare ku, lokacin naku ne, muddin kun san sa'ar da ayari zai sake haɗuwa. Idan ranar ta dace da Juma'a, babban masallacin St. Petersburg, wanda aka buɗe a 1913, yana kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gorkovskaya.

Kafin ka biya ko kwabo, ka nemi kamfanin ya rubuta maka ko kuɗin kowace ziyara ya haɗa da tikitin shiga, da abin da za a yi da kuɗinka idan mutane ba su cika ba aka fasa. Ka tambaye su kuma ta ina za a bi daga Rasha zuwa Finlan, domin jirgin ƙasan da ke haɗa St. Petersburg da Helsinki ya daina aiki a Maris na 2022, Finlan kuma ta rufe ƙofofin iyakarta ta ƙasa da Rasha a ƙarshen 2023, kuma zagayen hanya yana iya cinye yinin da aka ware wa wata ziyara. Katin Visa ko Mastercard na bankinka ba zai yi aiki a Rasha ba, sai tsabar kuɗi da za ka canza zuwa rubul, alhali a Suwidin, ƙasar da Stockholm take, shaguna da dama kati kaɗai suke karɓa, saboda haka ka tanadi duka biyun.