Murjanin tankina duk iri ɗaya nake ganinsu

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗan Kano ne mazaunin Jidda, na haɗa tankin gilashi na ruwan gishiri na sa murjani masu rai guda huɗu, mai shago ya ce min duk nau'in da ake kira Acropora ne, abokina kuma ya ce sam ba haka ba ne. Duk masu reshe ne, kalarsu ma kusan ɗaya. Ya zan yi in gane?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara cire kala daga lissafi, don shuɗiyar fitilar nan ta tanki tana ruɗar ido sosai, murjani ɗaya sai ka gan shi ruwan ƙasa a wannan tankin ka gan shi kore a wancan. Ƙirar jikin za ka duba, ka kunna farar fitila ka matso kusa da gilashin.

Acropora ita ce mafi sauƙin kamawa, dubi can ƙarshen kowane reshe za ka ga rami guda ɗaya babba a tsakiyar kan, daga nan take tsawo, sauran ƙananan ramukan kuma suna jere a gefe. In babu wannan ramin na tsakiya to gaskiya ba Acropora ka saya ba ko da me mai shago ya faɗa. Ga yadda za ka gane sauran nau'o'in murjani masu reshe: Pocillopora jikinta duk ƙululu ne kamar ƙuraje. Stylophora reshenta kauri gare shi, kan a dunƙule ba tsini. Seriatopora kuwa siririya ce mai tsini, ramukanta a layi suke bi da bi, tana saurin karyewa don haka a yi hankali wajen goge tanki. Montipora ramukanta ƙanana ne ƙwarai, wata mai reshe wata faifai-faifai.

Abin da ya sa na damu ka gane ɗin, Acropora ba ta ɗaukar wasa, tana son haske mai ƙarfi da ruwa mai motsi, in zafi ko sinadarin ruwa ya riƙa hawa da sauka sai ta yi fari fat ta mutu, alhali Montipora da Pocillopora sun fi juriya ga mai koyo. Dabbobi ne fa masu rai, amana ce a hannunka. Ka riƙe zafin ruwan tsakanin digiri 24 zuwa 27, a Jidda kam da zafin nan sai da na'urar sanyaya ruwa, sinadarin kalshiyam na ruwan kuma wajen 400 zuwa 450 ppm (ma'aunin yawansa a ruwa).

Ka ɗauko hoton kan reshen kowanne da farar fitila ka turo, sai mu duba tare.