Tambaya da Amsa: Me ya sa bulugil ke cinye tana ya bar mini ƙugiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohayo a Amurka, kuma akwai tafki kusa da gidanmu cike da wani kifi da ake kira bulugil. Na taso ina fatsar tarwaɗa a gida, don haka ba baƙo ba ne ni a bakin ruwa. Amma nan kullum sai a cinye mini tana tas, in ɗago ƙugiya wayam, alhali yaran maƙwabta na cika bokiti. Wane abinci zan sa, kuma waɗanne kaya zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tanar da kake sawa ba ta da laifi. Ƙugiyarka ce ta yi girma, kuma ina kyautata zaton zaren ma haka.

In ka samu ɗaya a hannun yaran nan, duba bakinsa. Kifi ne mai faɗin jiki kamar karfasa, da baƙin tabo a bayan kunnensa, amma bakin ɗan tsurut ne. Yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce santimita 15 zuwa 20 ba. Mafi nauyin da aka taɓa rubutawa, wanda aka kama a tafkin Ketona na jihar Alabama a 1950, kilo 2.15 ne kacal. Kuma ba ya kai wa abinci wawura irin ta tarwaɗa. Zuwa yake ya tsaya, ya ƙare wa abin kallo, ya zuƙe shi, in ya ji bai yi masa ba ya tofar nan take. Kai kuwa ka soka tana sukutum a babbar ƙugiya, jelarta na reto. Sai su taru su yi ta tsinkar jelar har ta ƙare, tsinin ƙugiya bai shiga bakin kowa ba.

To fara da ƙugiya. A shagon kayan su, nemi lamba 8 ko 10. Lamba 6 ita ce iyakar girma. Lambar tana hawa, ƙugiyar tana ƙanƙancewa, kada wannan ya rikita ka. Zaɓi siririya mai dogon wuya, wadda za ka ga an rubuta Aberdeen a jikin ledarta. Dogon wuyan nan yana da amfani ƙwarai, domin bulugil ya iya haɗiye ƙaramar ƙugiya har maƙogwaro, kuma wuyan ne zai rage a waje ka kama ka zare. Siririyar waya kuma ba ta farfasa ɗan abincin da ka soka.

Zare ya zama na roba, wanda ba a cika ganinsa a ruwa ba, mai lamba 4, wato mai ɗaukar kusan kilo biyu. In ruwan garau yake, sauka zuwa 2. In ciyawa ta yi yawa, hau zuwa 6. Kifin nan da ido yake farauta, shi ya sa ma da rana yake kiwo, musamman da hantsi da kuma la'asar sakaliya. Kaurin zare yana korar manyansu, ƙananan ne ba ruwansu.

Sai manuni, ɗan abin nan da ke yawo a saman ruwa ya nuna maka an taɓa. Ka ƙyale ƙwallon nan mai ja da fari da ake tallatawa ko'ina. Kifi na jan sa zai ji nauyi ya saki. Sayi siriri mai kamar fensir, ka matsa ƙwayar dalma ɗaya ko biyu a zaren, kamar taƙi ɗaya sama da ƙugiya, har sai kan manunin kaɗai ya rage a waje. Sa'annan ka lura: ba kullum yake nutsewa ba. Wani lokaci kwantawa zai yi, ko ya ɗan taso, saboda kifin ya ɗauki abincin ya yi sama da shi. Da ka ga haka ɗaga sandar a hankali. Fizga mai ƙarfi sai ta yage masa leɓe.

Sanda kuwa, kada ka ɓarnatar da kuɗi. Marar nauyi mai laushin kai, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, da ƙaramar na'urar naɗe zare, ta isa. Mutanen kudancin Amurka har gobe da doguwar gora suke kama shi, mai mita uku ko huɗu, ba na'ura ba komai, kuma a gefen ciyawa sau da yawa ta fi ta zamani, don kana iya sauke ƙugiya daidai cikin ɗan fili tsakanin ganyen bado.

Mu koma kan abinci. Tana ce ta ɗaya, amma gutsure za ka yi, kamar tsawon gaɓar yatsa, ka zura ta ta rufe lanƙwasar ƙugiyar, ka bar ɗan kaɗan yana motsi. Ƙananan jajayen tana sun fi manyan da ake kira masu fitar dare. Idan zafi ya kama, ni dai ban ga abin da ya kai gyare ba. A soke shi ta bayan kai, a sauke shi ba dalma mai yawa, ya riƙa nutsewa sannu a hankali. Manyan bulugil ba sa iya kau da kai. Ƙaramar fara ma haka. Da sanyi, har lokacin da tafki ya daskare ana huda ƙanƙara, fararen tsutsotsin da shaguna ke sayarwa cikin ɗan gwangwani su ne abin yi. Burodi da masarar gwangwani suna kamawa, amma ƙanana suke tarawa, kuma burodi ba ya jimawa a ƙugiya.

Abincin jabu, na roba da na ƙarfe, su ma suna da ranarsu, musamman in kana son zaɓar manya. Wanda zan ce ka fara da shi ana kiransa jig: ƙugiya ce mai ɗan kan dalma da jelar gashi ko roba. Nemi mai lamba 1/32 ko 1/64, wato ƙasa da giram ɗaya. Baƙi, ruwan ƙasa da kore sun fi kama da ƙwarin da yake ci. In ruwa ya gurɓace, sa ruwan ɗorawa mai haske. Ka ɗan maƙala masa guntun tana, sai ka haɗa riba biyu. Akwai kuma masu ɗan faranti mai juyawa, irin su Beetle Spin da Mepps mai lamba 0, waɗanda ke da amfani wajen laluben inda kifin yake. Kuskuren da aka fi yi da su shi ne gaggawa. Naɗe zaren sannu, daidai yadda farantin zai juya kawai.

Inda za ka jefa ya danganta da lokaci. A wajenku, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 20 zuwa 24 a ma'aunin Selshiyos, mazan kan share ramuka masu faɗi inda za a zuba ƙwai, a kan yashi ko tsakuwa, a jere kusa da juna, cikin ruwan da bai wuce mita ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Kana iya hango su daga gaɓa. A lokacin komai ka sauke sai sun kai masa hari. Bayan nan manyan kan ja da baya zuwa bakin ciyawa mai zurfi, ƙarƙashin gadar katako ko gindin itacen da ya faɗa ruwa, mita biyu zuwa huɗu. In ƙanana suka dame ka, ƙara zurfi.

Shawara ɗaya a kan lokacin ramukan nan: ka riƙa mayar da manyan maza cikin ruwa, ka ɗebi matsakaita. Su ne ke gadin ƙwai, kuma muddin suna nan, samarin ba sa saurin balaga, sai su ci gaba da girma. In aka kwashe su, tafkin ya cika da tsumburarrun da ba su kai a soya ba. Wannan ne ya sa jihar Minesota ta rage adadin da mutum zai ɗauka a wasu tafkunanta zuwa 5 ko 10 a rana.

Wajen cire ƙugiya, shafo shi daga kai zuwa baya don ƙayoyin gadon bayansa su kwanta, in ba haka ba za su soke ka a tafin hannu. Ragowar tana kuma a zuba a kwandon shara, kada a watsar a bakin tafki. Kafin ka sake fita, ka tabbata lasisinka na kamun kifi yana aljihu, domin a Ohayo duk wanda ya kai shekara 16 sai da shi zai yi su a ruwan gwamnati. In tafkin na unguwa ne ko na wani, nemi izinin mai shi.