Hukuncin aiki a bankin zuba jari ga wanda bai daɗe da gama jami'a ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na karanta tattalin arziki, na gama bautar ƙasa bara. Wani bankin zuba jari a Legas ya ɗauke ni aiki a matakin farko, na mai nazarin lissafi. Ba irin bankin ajiya da cire kuɗi ba ne. Aikinsu samo wa kamfanoni da gwamnatoci jari, da ba da shawara idan wani kamfani zai sayi wani. Albashin mai tsoka ne, ni ne babba a gidanmu, mahaifinmu kuma ya yi ritaya. Wani abokina ya ce duk inda aka ce banki haramun ne. Ya halatta in karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka tambaya tun kafin ka sa hannu.

Abokinka ya yi kuɗin goro. Hukunci yana bin aikin da hannunka zai yi ne, su kuwa waɗannan gidaje sun tara halal da haram a ofis guda, wani lokaci ma a teburi guda.

Asalin sana'ar dillanci ce, sai dai ta manyan kuɗi. Yadda dillalin gidaje yake haɗa mai saye da mai sayarwa, ya ƙiyasta daraja, ya karɓi la'adarsa, haka suke yi da kamfanoni. Imamu Buhari ya kawo cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifi a ladan dillali ba. Saboda haka idan aka sa ka ƙiyasta darajar kamfanin siminti, ko na abinci, ko na sadarwa da ake son saye, ko ka shirya masa takardun sayar da hannun jari a NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, aikinka halal ne, albashinsa ma haka, matuƙar sana'ar kamfanin kanta halal ce. Kamfanin giya da na caca ba sa cikin wannan. Akwai wanda mutane suke mantawa: tun da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya umarci bankuna a watan Maris na 2024 su ƙara jari, manyansu har naira biliyan 500, dillalan hannun jari suka samu kasuwa wajen sayar da hannun jarin bankuna masu cin ruwa. Wannan ma bai halatta ba, domin tara wa mai cin ruwa jari ne.

Za ka ce ai da wuya a samu babban kamfanin da ba ya da bashin banki. Gaskiya ne, kuma malaman zamani sun duba wannan. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin shari'a ga cibiyoyin kuɗi na Musulunci, ta yi rangwame a hannun jarin kamfanin da asalin sana'arsa halal ce, da sharaɗin bashinsa mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigarsa na haram kuma kada su wuce kashi 5. Wasu malaman ba su yarda da ko wannan ba, amma ni a kansa nake ba da fatawa, saboda buƙatar ta game jama'a.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashen bashi. Babban ɓangare na cinikin waɗannan gidaje shirya takardun bashi ne: kamfani ko gwamnatin jiha ta ranci kuɗin jama'a, ta mayar da ƙari ƙayyadadde bayan shekaru kaza, ko kuma bashin gajeren zango. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta yanke tun 1990 cewa fitar da irin waɗannan takardu da sayensu da cinikinsu duk haramun ne, ko na gwamnati ne ko na kamfani, ko da an sauya wa ƙarin suna. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta cin ruwa, a aya ta 279 kuma ya shelanta yaƙi ga wanda ya ƙi bari. Kada ka ce ai kai ba ka ci ba, ba ka bayar ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin ruwa da mai bayarwa da mai rubutawa da shaidunsa biyu, ya ce duk ɗaya suke.

To wane ne mai rubutawa a yau? Shi ne yaron da shugabansa zai turo wa saƙo ƙarfe goma na dare, ya buɗe Excel, ya jera adadin ruwa da ranakun biya, ya zuba su cikin kundin da za a raba wa masu zuba jari da safe. Wannan kujera kuwa ita ce aka ɗauke ka ka zauna a kai. Sabon shiga ba ya zaɓen aiki. Abin da aka miƙo masa shi yake yi. Shi ya sa ban ce maka halal ne ka tafi kawai ba.

Malamai sun saɓa a kan aiki a gidan da ya cakuɗa. Kwamitin fatawa na Saudiyya, har da Shaikh Ibnu Baz, ya hana kowane irin aiki a bankin ruwa, ko da gadi ne, bisa aya ta 2 ta Suratul Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Shaikh Yusuf Ƙaradawi ya sassauta, yana ganin tsarin ya game ƙasashe, kuma ayyukan banki da yawa halal ne. Abin da ya rinjaya a wurina yana tsakani: gidan da sana'arsa shawara ce da dillanci ba daidai yake da bankin da rayuwarsa ta dogara kan ba da rance da ruwa ba, don haka aikin halal a cikinsa ya halatta, amma sa hannu kai tsaye a bashi mai ruwa babu fatawar da za ta wanke shi, tunda nassi ya ambace shi da suna.

Ka koma wurinsu kafin ka sa hannu, ka tambaya a fili wane sashe za a kai ka, kuma ko za a ɗauke maka ayyukan bashi mai ruwa. In da hali ka samu amsar a rubuce. Kada kunya ta hana ka, don kasuwar halal ta fara girma, su ma sun sani. Jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardun tara jari na Musulunci da babu ruwa a cikinsu, a 2013 don gina makarantu, gwamnatin tarayya ta fitar da nata na farko a 2017, na naira biliyan 100, don aikin tituna, kuma irin waɗannan gidaje ne suke shirya shi. In sun amince, ka karɓa. In suka ce dole ka zagaya kowane sashe, ko kuwa tun farko sashen bashi aka ba ka, bai halatta ka shiga ba. Nauyin iyaye abu ne babba, ban raina shi ba, amma bai kai larurar da take halatta haram ba ga saurayi mai lafiya da takardun da har Legas ta neme shi. Ƙa'idar malamai kuma ita ce hana abu shiga ya fi fitar da shi sauƙi. Wanda ya saba da albashi mai tsoka ya kama haya a kansa, fita tana yi masa wuya. Ka buga ƙofar cibiyoyin kuɗi na Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus Bank da Lotus Capital da makamantansu.

Koyon yadda ake lissafin ruwa don cin jarrabawa irin ta CFA, ta ƙwararrun masu nazarin harkar kuɗi, ba laifi ba ne, sani daban aikatawa daban.

In ka shiga, akwai haramun da ba ruwansa da bashi. Za ka riƙa jin sirrin kamfani kafin kasuwa ta ji. Ka sayi hannun jari da shi ko ka tsegunta wa ɗan'uwa, ha'inci ne, doka ma tana hukunta shi. Kumbura darajar kamfani a lissafi don a faranta wa mai biyan la'ada algus ne. Aikin kuma yana cin dare, to ka sanar da su maganar salla da Juma'a tun makon farko. Idan wata rana aikin ruwa ya ratso ta hannunka ba da son ranka ba, ka tuba, ka ƙiyasta kasonsa a albashin watan, ka fitar wa mabuƙata.

Wallahu a'alamu.