Daƙiƙa 13 ta McGregor ba ita ce ta ɗaya ba a wurina

Ɗan'uwa, ka tambaya wace bajinta ce ta fi kowace girma a tarihin damben keji, wato wasan da ya haɗa dambe da kokawa da hauri a cikin keji, ka kuma ce a ganinka ba wadda ta kai ta Conor McGregor, da ya sumar da Jose Aldo cikin daƙiƙa 13 a Disambar 2015. Ka yi haƙuri, a nan mun raba hanya.

Na fi shekara goma ina hana idona barci saboda wannan wasa, kafin nan kuma a gidan dambe na tashi, inda ake zuwa bayan la'asar. Duk wanda ya zauna a can ya san kwab ɗaya yana faruwa. Yaro sabon shiga kan sa shago ya dafa ƙasa tun makaɗa ba su gama ɗaura kalangu ba, gobe a sake haɗa su ka ga ashe ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ban ce na McGregor sa'a ce zalla ba. Aldo ya shekara goma ba a ci shi ba, kuma hannun hagun da McGregor ya kai masa an auna shi. Amma me muka gani? Naushi ɗaya. In ma McGregor ɗin kake so, ɗauko karonsa da Eddie Alvarez a New York a Nuwambar 2016, inda ya yi ta zubar da shi har ya ƙarasa shi a turmi na biyu, ya haɗa kambu biyu a lokaci guda. Wannan ya fi nuna ko shi wane ne.

Ni abin da nake dubawa shi ne ranar da aka ƙwace wa mutum makaminsa, me ya yi?

Shi ya sa nake sa Francis Ngannou a sama, karonsa da Ciryl Gane a Janairun 2022. Na san za a yi min caa, don da yawa sun ce wasan ba daɗi. A gidan kallo na gan shi, ana tsakiyar hunturu, kowa ya ƙudundune cikin bargo, mai shayi ya matso da teburinsa bakin ƙofa. Sai da muka fita sallar asuba muka dawo kafin manyan su shigo. Ngannou ya fito da gwiwoyinsa biyu a ɗaure, daga baya aka ji ashe jijiyar gwiwarsa ta yage a wajen atisaye makonni kaɗan kafin ranar. Ga rigimar kwantiragi tsakaninsa da UFC, kamfanin da ke shirya wasannin. Ga Gane, wanda ba a taɓa ci ba, kuma sun taɓa zama ƙarƙashin mai horarwa ɗaya a Paris, ya san shi ciki da bai. Turmi biyu na farko Gane ya yi ta zillewa yana taɓa shi yana ja da baya, hannun da duniya ke tsoro ya rasa inda zai sauka. Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Yau kam an gama da Bakamaren nan," ya miƙe yana neman takalminsa.

A turmi na uku Gane ya kai hauri, Ngannou ya cafke ƙafar, ya ɗaga shi sama cak ya maka da ƙasa, irin kayen da ake yi wa guɗa a filin kokawa a Dosso ko Sakkwato. Dattijon nan ya koma ya zauna, takalmi ɗaya a hannu. Mutumin da ba a san shi da komai ba sai naushi, ya koma kokawa, da gwiwa ɗaya, har turmi uku a jere. A na biyar Gane ya kayar da shi, sai ya yi kwaɗayin murɗe masa ƙafa, Ngannou ya juye ya hau kansa ya danne har aka kaɗa ƙararrawa. Alƙalai uku duk shi suka ba. Wanda ya san Ngannou ɗan garin Batié ne a Kamaru da ya yi aikin haƙar yashi yana yaro, ya ratsa Nijeriya da Nijar da Aljeriya har Maroko kafin ya tsallaka Turai, ba zai yi mamaki sosai ba.

Na biyu, Anderson Silva da Chael Sonnen a 2010. Turmi huɗu da rabi Silva yana ƙasa yana shan duka, haƙarƙarinsa da ciwo, saura ƙasa da minti biyu kambu ya tafi, ya zura ƙafafu ya maƙure wuyan Sonnen da hannunsa har ya miƙa wuya. In kuma gwaninta tsantsa ake nema, to Silvan ne dai, ranar da ya hau ajin nauyin da ba nasa ba ya gamu da Forrest Griffin a 2009. Hannaye a ƙasa, yana kauce wa naushi da kai kawai, ya kuma gama da shi yana ja da baya. Griffin tsohon zakara ne fa, amma ya tashi ya fice daga kejin a guje.

Karon Khabib Nurmagomedov da Justin Gaethje a Abu Dhabi, Oktoban 2020, shi ma yana ciki. Mahaifin Khabib, wanda shi ne malaminsa, ya rasu a Yulin shekarar. Ya shaƙe Gaethje a turmi na biyu, ya durƙusa yana kuka a tsakiyar keji, ya ajiye safar hannu da wasa 29 ba faɗuwa ko ɗaya. Kamaru Usman kuwa, yadda ya tauye Tyron Woodley minti 25 a 2019 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe kambun UFC, ban sa shi sama ba ne kawai don kada a ce son kai na yi masa don ɗan Auchi ne a Nijeriya.

Ka nemi na Ngannou ɗin ka sake kallo, amma kada ka fara daga kayen. Fara daga turmin farko, ka riƙa kallon gwiwarsa ta dama duk lokacin da zai taka.