Wane lens ya dace da ɗaukar hoto a waje? Amsoshin tambayoyinku daga Kebbi da Zamfara

Saƙonnin wannan mako yawancinsu daga masu ɗaukar hoto na Kebbi da Zamfara suka zo, kuma duk a kan lens ne, wato gilashin da ake ɗaura wa gaban kyamara. Ga abu ɗaya da nake so a riƙe tun farko. Akasarin shawarwarin da ake gani a YouTube na mutanen ƙasashen da hasken rana ke yi wa ƙaranci ne, shi ya sa suke ta yabon lens mai buɗewa sosai, mai ɗan karen tsada. Mu a nan haske yawa yake yi mana. Abin da ke ɓata mana hoto shi ne ƙwallewar rana da hazo da ƙura, kuma da su ya kamata a auna duk lens ɗin da za a saya.

Tambaya daga Birnin Kebbi: Assalamu alaikum Malam. Ina da Canon 700D da lens ɗin da ta zo da shi, 18-55mm. Ina ɗaukar amare da 'yan makaranta a waje, kuma ina son bayan mutum ya dushe. Wani ya ce in sayi 50mm, wani ya ce 85mm. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Sayi Canon EF 50mm f/1.8 STM, ka bar 85mm sai gaba. Dalili shi ne sensar kyamararka, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, ƙarama ce, don haka duk lambar da ke jikin lens sai ka ninka ta da 1.6 kafin ka san yadda zai nuna maka (a Nikon da Sony masu ƙaramar sensa 1.5 ne). A wurinka 50mm zai yi aiki kamar 80mm, 85mm kuwa kamar 136mm, kuma girman wannan lamba shi ne yawan jawo abu kusa. Idan za ka ɗauki amarya daga ɗankwali har takalmi, da 50mm mita huɗu da rabi za ka ja baya, da 85mm sai kusan mita takwas. A ƙofar gidan biki, inda yara da 'yan kallo ke giftawa, wannan filin ba ya samuwa.

Lambar f kuma faɗin ƙofar da haske ke bi take nunawa, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lens ɗinka na yanzu idan ka kai shi 55mm ba ya wuce f/5.6, shi kuwa f/1.8 haskensa ya kusa ninki goma na wancan. Wannan buɗewar ce ke dusar da baya.

To, a nan ne da yawa ke cin karo da matsala, su ce an sayar musu da lalataccen lens. Da tsakar rana, a ISO 100 (ISO ma'aunin ƙarfin jin haske ne na sensa), hoto yana daidaita ne a f/16 da saurin shota 1/100, wato kyamara ta bar haske ya shiga na kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Duk mataki ɗaya da ka ƙara buɗe ƙofa, wato ka ninka hasken da ke shiga, sai saurin shota ma ya ninka: f/8 na son 1/400, f/4 na son 1/1600, f/2.8 na son 1/3200, f/1.8 kuma kusan 1/8000. Kyamararka iyakarta 1/4000. Ke nan idan ka buɗe f/1.8 cikin rana tsaka, haske ya ninka abin da ake buƙata, farar shaddar ango za ta fito fari fat, ba aikin wuya ba zanen shadda, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da ya ƙone. Ko dai ka tsaya a f/2.8, wanda ma ya fi f/1.8 kaifi, ko ka shigar da mutum inuwar darbejiya ko ta katanga, ko ka sayi filtar rage haske ND8. Tana rage mataki uku, 1/8000 ya koma 1/1000. Bakin wannan lens 49mm ne, ka faɗa wa mai shago haka, domin filtar 58mm ta 18-55 ba za ta hau ba.

Sannan ka kula da saiti, wato daidaita lens a kan abin da kake son ya fito tas. A f/1.8, daga nisan mita biyu, abin da ke fitowa tas bai wuce santimita 11 ba. Idan kyamara ta kama hanci ko ɗankunne, ido ya tafi. Zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya ka ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai. Kuma kada ka jingina mutum da bango ka ce baya bai dushe ba. Janyo shi gaba kamar mita uku ko fiye.

Kada ka sayar da 18-55. Idan dangi goma suka jeru, 50mm zai kai ka wajen mita 11 kafin su shiga duka. A nan sai ka koma wa tsohon lens ɗinka, ka sa shi tsakanin 24mm da 35mm, a f/8. A wannan matakin, cikin hasken waje, ba kowa zai bambance shi da mai tsada ba.

Tambaya daga Gusau: Malam barka da aiki. Ina da Nikon D3200, na sa an sayo mini 50mm f/1.8, amma ba ya yin saiti da kansa, sai na juya da hannu. Ya lalace ne? Mace ce ni, kuma da wannan sana'ar nake taimaka wa kaina.

Amsa: Malama, Allah ya sa wa sana'a albarka. Duba rubutun jikinsa. Idan kin ga AF 50mm f/1.8D, lafiyarsa ƙalau, bai dace da kyamararki ba ne. Irin wannan lens ba shi da motar saiti a cikinsa, yana jiran motar da ke jikin kyamara ta juya shi, su kuma Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da ita. Wanda zai yi miki aiki shi ne mai alamar AF-S. In za a karɓi canji, ki nemi AF-S 50mm f/1.8G, ko AF-S DX 35mm f/1.8G, wanda ni shi na fi ba ki shawara idan a tsakar gida kike yawan ɗauka, inda wuri ke da matsi. Ki guji mai alamar AF-P, ba ya aiki da D3200.

Masu Canon su ma su lura. Lens mai alamar EF-S ba ya hawa kyamarar 6D ko 5D. EF yana hawa sababbin kyamarori marasa madubi na jerin R ta hanyar adafta, amma RF, wanda ya fito a 2018, ba ya hawa tsofaffin kyamarori ko kaɗan. Kamfanonin Sigma da Tamron kuwa sukan yi lens iri ɗaya da mazauni daban-daban, don haka a tambayi na kyamarar wane kamfani ne kafin a tura kuɗi.

Tambaya daga Argungu: Ina biɗar shawara. Ina son lens mai jawo nesa saboda bikin kamun kifi da hawan sallah. Abokina ya ce in ban sayi 70-200mm f/2.8 ba na yi asarar kuɗi. Canon 2000D gare ni.

Amsa: Lens ɗin da abokinka ya ambata mai kyau ne ƙwarai, amma an yi f/2.8 ɗinsa ne domin wurin da haske ya yi ƙaranci, kamar zauren taro ko filin wasa da dare. Kamun kifi a Matan Fada da rana ake yin sa, hawa ma haka. Nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi, ga ka tsaye a bakin kogi cikin turmutsutsu. Canon EF-S 55-250mm IS STM giram 375 ne kawai, ya fi shi kaiwa nesa, kuma a kyamararka ƙarshensa kamar 400mm yake. Shi nake ba ka shawara. Idan aljihu ya yi nauyi, 70-200mm f/4 ya fi shi ƙwari, nauyinsa kuma kusan rabin na f/2.8.

Lissafin ga shi. A f/5.6, ISO 200, cikin rana, kana samun 1/1600. Wannan ya isa ya tsayar da dokin da ya taho a sukwane wajen jafi, ko tartsatsin ruwa sa'ad da masunta suka afka kogi da homa da gora. Kada ka sauka ƙasa da 1/1000 ga abu mai gudu. Alamar IS, da VR a Nikon, rawar hannunka kawai take gyarawa, ba ta tsayar da motsin doki. Sa saiti a AI Servo domin ya riƙa bin abin da ke tahowa, ka kuma rage haske da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki, saboda fararen rawuna da ƙyallin ruwa.

Akwai abin da kuɗi ba ya magancewa. Bikin Argungu kan zo wajen Fabrairu ko Maris, lokacin da hazo bai gama janyewa ba, zafi kuma ya fara. Duk yadda ka jawo abu daga mita ɗari biyu, iskar da ke tsakaninku ma tana cikin hoton, da ƙurarta da kawalwalniyar da ke tashi daga ƙasa. Hoton zai fito toka-toka, gefunan abubuwa suna rawa, ko da wane lens ne. Maganinsa ka je da wuri ka kama wuri kusa. Hoton 150mm daga mita talatin ya fi na 250mm daga tsallaken kogi nesa ba kusa ba.

Ka haɗa da ƙananan abubuwa biyu. Na farko hular gaban lens, wadda ke tare hasken da ke shigowa ta gefe yana wanke kala. Ka bar ta a kai kullum, tana kuma kare gilashi daga gwiwar hannun jama'a. Na biyu filtar CPL mai 58mm. Ana juya ta a hankali har ƙyallin saman ruwa ya kwanta, koren gonar shinkafa ya fito sosai. Ta fi aiki idan rana na gefen kafaɗarka, ba gabanka ko bayanka ba, kuma tana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, sai ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800. Ba ta kawar da hazo, ko da mai shago ya ce tana yi.

Tambaya daga Talatar Mafara: Duk hoton da na ɗauka a madatsar ruwa ta Bakolori sai in ga ɗige-ɗige baƙaƙe a sararin sama, wuri ɗaya kullum. Na goge lens har na gaji.

Amsa: Daina gogewa, ƙurar ba a lens take ba, a kan sensa take. Ƙurar da ke kan gilashin gaba ba ta fitowa ɗigo-ɗigo a hoto. Don ka tabbatar, sa f/22 ka ɗauki sararin sama, ka canja lens ka sake ɗauka. Idan ɗigon bai gusa ba, sensa ce. Cika batir, shiga ɗaki ka kashe fanka, zaɓi wurin tsaftace sensa da hannu a cikin menu, ka kifa bakin kyamara ƙasa, ka hura da 'yar robar nan ta hura iska, ba tare da bakinta ya taɓa komai ba. Kada ka hura da bakinka, yawu zai bi. Abin da ya ƙi fita ka kai wa mai gyara.

Ƙurar tana shiga ne wajen canja lens a fili. In ya zama dole, kashe kyamara, juya wa iska baya, kifa ta, ka shirya sabon a hannu kafin ka cire tsohon. Shi ma gilashin gaba a fara hure shi, a bi da burushi mai laushi, sannan ƙyallen goge tabarau. Ƙurar hunturu akwai rairayi a cikinta, wanda ya dirje ta da bakin riga yana kankare rufin gilashin ne. Filtar UV mai kyau, wato gilashi garau da ake ɗaura wa bakin lens, tana da amfani a nan, domin ita za ta sha wahalar. Kada kuma a bar jakar kyamara a but ɗin mota da bazara, zafi na narkar da man da ke cikin lens ya gangaro kan fuka-fukan ƙofar haske.

Tambaya daga Zuru: Zan sayi lens na hannu kafin bikin Uhola. Me zan duba?

Amsa: Tafi da kyamararka, kada ka gwada a ta mai kaya. Cire murfin gaba da na baya, ka haska tocilan ɗin waya ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kusan kowane lens na da ita. Abin gudu shi ne farin abu mai zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, kuma ta fi zuwa da kayan da suka zauna a wurare masu laima. Ka duba ko akwai maiƙo a fuka-fukan ƙofa, ko ƙarafan baya masu ruwan zinare sun tsattsage. Ɗaura shi, ka yi saiti a kan abu na kusa da na nesa sau da yawa, ka saurara ko yana gurnani ko yana kai-komo bai kama ba. Daga nan ka tsaya daidai gaban katangar bulo ka ɗauka a mafi girman buɗewa, ka faɗaɗa hoton ka kwatanta kusurwoyi huɗu. Idan gefe ɗaya ya fito tas ɗayan ya dushe, an taɓa yar da shi, ka bar shi komai arha. Da damina ka ajiye shi a robar da ke rufuwa gam, tare da 'yan ƙunshin tsotse danshi irin na cikin kwalin takalmi.

Tambaya daga Yauri: Ba ni da kyamara. Ƙananan lens ɗin da ake maƙala wa waya suna aiki?

Amsa: Na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, kamar zanen lalle ko ɗinkin hula, yana aiki daidai gwargwado. Masu jawo nesa na arha kuwa suna dusar da gefuna, su sa baƙi a kusurwoyi. Idan wayarka na da kyamara ta daban mai 2x ko 3x, danna lambar kai tsaye, kada ka ja da yatsu, domin jan da yatsu yanke hoto kawai yake yi ya faɗaɗa shi. Goge gilashin bayan waya kafin ka ɗauka, sannan ka jira bayan la'asar, daga wajen ƙarfe biyar, lokacin da rana ta karkata ta daina sa inuwa a ƙarƙashin ido.