Yadda za ka gane jatan lande ya kusa saɓa

Ɗan'uwa, ka ce jatan landenka ya daina cin abinci, sai ɓuya. Ba lallai ciwo ba ne, ƙila saɓa zai yi. Launinsa kan dusashe. Duba bayansa, inda ɓawon kai ya haɗu da jela: in wurin ya fara buɗewa, to lokaci ya yi. Masu bincike kan duba gefen jelar da madubin likita, su ga fata ta janye daga tsohon ɓawo. Wani masanin halittu, Pierre Drach, shi ne ya tsara matakan saɓa a 1939, daga A zuwa E.

Bayan saɓa jikinsa laushi tiɓis, 'yan'uwansa na iya cinye shi, don haka ware shi. Bar masa tsohon ɓawon, zai ci don samun kalsiyam.